Masar da Aka Ba Ni Sadaka a Kaduna

Tun da na dawo kun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Duk wanda ya zauna a benci sai ya ce, "Malam Sule, yaya Kaduna?" In ce lafiya lau. Sai wani ya ce ba lafiyarta aka tambaya ba, labari ake so. Na gaji da amsawa. Ga shi nan na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Rubutun mutumin da ya bar firamare ya kama gyaran injin ban-ruwa ne, saboda haka kada wanda ya zo min da gyara. Kuma ku sani tun yanzu, ba labarin jin daɗi ba ne, duk da na ci abinci har na kasa sunkuyawa.

Abin da ya kai ni kun san shi, yanar nan ce da ta rufe min idon hagu. Surukina, mijin yarinyar nan tawa ta fari, shi ya matsa sai na je likita ya duba. Ma'aikacin gwamnati ne, suna zaune a Malali tare da mahaifiyarsa. Tun da aka kai yarinyar ban taɓa taka gidan ba. Me zai kai ni? A wurinmu uba ba ya zarya gidan ɗiyarsa, balle ta fari, wadda ko sunanta ba na kamawa.

Na tashi daga Mai'aduwa da tsaraba: kuka, daddawa, zabi biyu a ɗaure, da man shanu a galan. Kafin mu kai Kano an tsayar da mu a shinge ya fi a ƙirga, kowa shinkafar waje yake nema. Wani mai kaki ya zura hannu a jakata ya ciro ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya mayar da sauri. A Kano na canja mota. Aka haɗa ni da wani mai farar shadda, sai waya yake yi yana ba mutane umarni. Wajen Zariya rana ta narkar da man shanun, murfin ya saki, ya bi ƙasan mota ya sami gefen rigarsa. Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Baba, ba komai," amma har Kawo bai sake kallona ba, kuma zabin ma sun ƙi yin shiru.

A tashar Kawo surukina ya tarye ni. Ya durƙusa har ƙasa a cikin jama'a, ya karɓi zabin da hannunsa, da kayan ofis a jikinsa. Yaron kirki ne, wannan ba na ɓoyewa. Na ce ya kai ni Rafin Guza wurin Iliya, abokina na ƙuruciya da ke sayar da robobi a Babbar Kasuwa. Ya ce, "Haba Baba, ga ɗaki an gyara tun jiya. Me Hajiya za ta ce?" Mahaifiyarsa yake nufi. Ban iya gardama da suruki ba. Na shiga mota.

Malali unguwa ce ta dogayen katangu. Ba ka jin daka, ba ka jin akuya, maƙwabci ba ya leƙo ka. Aka sauke ni a ɗakin baƙi na bayan gida, har da banɗaki a ciki. Wannan duk na iya jurewa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne cin abincinsu. Uwa da ɗanta da matar ɗan, duk a tebur ɗaya, suna ci suna hira. Kuma har da kujera aka ja min. Ni, in zauna in buɗe baki ina tauna a gaban surukina da mahaifiyarsa? Na ce alhamdu lillahi, na ci a hanya.

Yarinyar ta san halinmu, sai ta kawo min tire har ɗaki, ta ajiye ta fita. Shinkafa da miyar kaza. Na buɗe, ƙamshi ya buge ni. Har na wanke hannu, sai na tuna kwanukan nan ta gaban Hajiya za su wuce. In suka koma wayam, cewa za a yi uban matar gidan ya zo daga ƙauye da tsohuwar yunwa. Na yi loma biyu, na gyara wurin da cokali kamar ba a taɓa ba, na rufe. Da safe ma haka. Da rana ma haka. Dabino da ƙuli-ƙulin da na zo da su a aljihu su suka riƙe ni, ina ci a ɓoye kamar ɓarawo.

Washegari da yamma ina zaune a bakin taga na ji muryar Hajiya daga kicin. Tsohuwar malamar makaranta ce, maganarta ba ta da kwana.

"Wai ni kam, mahaifinki abincin gidan nan ne bai yi masa ba, ko girkinki ne? Ko wani abu kika faɗa masa a kanmu?"

Ban ji amsar yarinyar ba. Ƙarar kwano kawai na ji. Wannan magana ta isa ta sa mai hankali ya gyara. Ni kuwa da aka kawo na dare, na sake mayar da shi. Na ce a raina in na cinye yau, za a gane na ji maganar.

Ranar ganin likita ta zo. Ya haska, ya leƙa, aka ɗiga min wani magani a idanu duka biyu. Nan da nan duniya ta koma kamar ana kallonta ta cikin ruwan koko. Aka ba ni baƙin tabarau, aka ce in dawo gobe da safe. Rana ta take, ba ni da abin yi har dare. Surukina zai koma ofis, ya ce bari ya mayar da ni gida in huta. Na ce a'a, ya sauke ni a kasuwa wurin Iliya, mu yi zumunci. Ya karɓi lambar Iliya, ya ce in ya tashi daga aiki zai biyo ya ɗauke ni.

Zumunci na ce masa. Gaskiyar magana, ciki ne ya kai ni.

Iliya na nan yadda kuka san shi, sai tumbi da ya ƙaru. Yana ganina ya fara.

"Wa nake gani haka da tabarau kamar mai kamfani? Sule, kai ne? Kwana biyu a Malali har ka fi ƙarfinmu."

Na ce, "Rufe min baki. Ba wani mai abinci a kusa?"

"Abinci? Kai da ka fito daga gidan manya? Me za mu ba ka a nan wanda ya kai kajin da kake ci? Tashi in nuna maka gari, kada ka koma gida ka ce katanga kawai ka gani."

Yaya zan ce masa yunwa nake ji, alhali daga gidan ɗiyata na fito? Ya bar wa maƙwabcinsa rumfa, muka tari keke mai ƙafa uku.

Kasuwar kanta ba zan iya ba ku labarinta ba, don kafaɗu kawai na sha. Yare kala-kala, kowa na sauri. Mai baro ya ce a ba shi hanya bayan ya riga ya taka ni. Abin da na fi tunawa ƙamshi ne: nan ana suyar awara, can doya da ƙwai, gaba kaɗan mai tsire yana fifita wuta. Iliya ya ja ni muka wuce su duka.

Ya kai ni gidan tarihi. Wani ma'aikaci ya bi mu yana bayani. Na matsa kusa da gilashi sosai don in ga abin da ake ta yabo. Galma ce. Kusa da ita akushi da ludayi da tulu. Na ce wa Iliya, "Wannan ai akwai irinsa a ɗakin gyatumata, har ya fi wannan lafiya." Ma'aikacin ya yi dariya, ya ce to in adana shi da kyau. Ni dai akushin na tsaya kallo, ina tunanin tuwon da aka taɓa ci a ciki.

Daga nan muka wuce wani babban gini mai ƙubba na zamanin Turawa. Iliya ya ce in duba kyau. Na ce na gani. Farin abu kawai na gani, kamar an kifa ƙwarya.

Sai Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawa a bakin kogi. Wurin akwai inuwa, ba laifi. Samari da 'yan mata suna zaune a kan ciyawa suna ɗaukar hoto, magidanci da matarsa suna shan abu a kofi ɗaya, ba ruwansu da kowa. A garinmu da an yi wata ana maganar. Akwai wata tsohuwar gadar ƙarfe, aka ce daga wani gari aka kwanto ta. Iliya ya kai ni wurin kada.

"Ga shi can. Ka gan shi?"

"Icce nake gani."

"Iccen ne kadan, makaho. Ya ƙoshi ne, shi ya sa ba ya motsi."

Na ce, "Ya ji daɗinsa."

Mun yi la'asar a wani ƙaramin masallaci a wurin. Da na ɗago daga sujuda ta ƙarshe sai na ji ƙasa na juyawa, na dafa bango. Iliya ya riƙe ni ya ce ko maganin idon ne. Nan dai na faɗa masa gaskiya. Ya dube ni, ya zauna a kan dakali ya yi dariya har da hawaye.

"Sule, har yanzu kana nan da wannan abin? Nan Kaduna ce. Ni da surukina kwano ɗaya muke ci, har ya riga ni ɗaukar nama."

"Kai dama ba ka da ta ido tun kana yaro."

"Na ji. Amma ni ban taɓa faɗuwa a masallaci ba. Tashi mu je."

Ya mayar da ni bayan Babbar Kasuwa, wani lungu kusa da masu sayar da buhuna. Wata mata ce mai jiki, ta kafa tanda tana suyar masa, ga tukunyar miyar taushe, ga faten tsaki da rama a gefe. Benci biyu, duk a cike, aka matsa min. Iliya ya ce ta zuba min, shi zai je ya samo balangu. Na ji wayarsa ta yi ƙara yana tafiya, ban kula ba.

Jama'a, na ci masa a rayuwata, amma ban taɓa cin irin wannan ba. Gefenta ƙus-ƙus, cikinta kamar auduga, miyar ta ji kabewa da gyaɗa da ƙashi. Kwanon farko ban san lokacin da ya ƙare ba. Na ce a ƙaro. Na ce a sa min faten ma in ji. Mai ya bi hannuna har gwiwar hannu.

Matar ta ce, "Baba, a hankali. Ba mai ƙwace maka."

Na ce, "Bar ni, 'yar nan. Tun da na shigo garin nan ban sa wa cikina abin kirki ba."

"Subhanallahi. A tasha kake kwana?"

"A'a. Gidan ɗiyata na sauka, a Malali."

Ta ajiye cokalin juya masa.

"Ɗiyarka ta cikinka? Tana Malali, kana yawo da yunwa, ga ido ba lafiya?" Ta juya wurin mutane. "Kun ji ko? Haka suke. Da sun auri mai mota sai uba ya zama abin ɓoyewa. Wallahi wannan ɗiya ba ta nemi albarka ba."

Wani dattijo a gefena ya ce ai laifin mijin ne. Wani ya ce a'a, mace in ta so ubanta ko a ɓoye za ta ba shi. Wata da ta zo saye ta ce Allah ya raba mu da haihuwar asara. Mai masa ta sake cika min kwano, ta ce, "Ci, Baba. Wannan ni na ba ka. Mu ba mu da katanga, amma mun san darajar tsoho."

A nan ne ya kamata in ajiye kwano in ce ƙarya ne. In ce yarinyar nan sau uku take kawo min tire a rana, ni nake mayarwa. Na buɗe baki, na ce, "Ai ba haka..." sai na tsaya. In na ci gaba, dole in yabi ɗiyar fari a gaban baƙi, abin da ban taɓa yi ba. Dole kuma in ce ni ne sakaran. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: masar tana da zafi, tausayin da ake min ya yi min daɗi. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ci, ana zagin ɗiyata a kaina.

Wani mutum mai fararen kaya ya zo ya tsaya a gefen benci. Ban san tun yaushe yake nan ba. Da idon nan nawa, dogon farin abu kawai nake gani. Na ɗauka mai jiran masa ne.

Na ce, "Malam, miƙo min yajin nan."

Ya ɗauko ya miƙo da hannu biyu, ya ɗan rusuna. "Ga shi, Baba."

Muryar surukina ce. Ashe shi ya kira Iliya, aka yi masa kwatance.

Lomar da ke bakina ta ƙi gaba ta ƙi baya. Mai masa ta ce, "Ɗanka ne?"

Shi ya amsa. "Surukinsa ne."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Kai ne na Malalin. To, Allah ya shirya." Ya sa hannu a aljihu zai biya, ta ɗaga masa hannu. "Bar shi. Sadaka na ba shi."

Yaron nan bai kare kansa ba. Ya tsaya yana jira ko zan yi magana, na san jira yake. Ban yi ba. Ya ɗauko buta ya zuba min ruwa na wanke hannu, a gabansu duka. Sai ga Iliya da ƙunshin balangu yana cewa, "A'a, har kun haɗu?"

Muka shiga mota. Sai da muka kusa Malali surukina ya rage gudu.

"Baba, abin da suka faɗa a kaina bai dame ni ba. Ba su san ni ba. Tun safe ɗiyarka take kan tuwon dawa. Ta ce wataƙila shinkafa ce ba ka so. Da kukar da ka kawo ta yi miyar, da sauran man shanun. Ita ma rabonta da cin abin kirki tun ranar da ka zo. Hajiya kuma ta ce in tiren yau ya dawo, da kanta za ta zo ta tambaye ka laifin da muka yi."

Na ce, "Uhm."

"Ba zan faɗa wa ɗiyarka abin da ya faru a kasuwa ba."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Bayan magariba na ga yarinyar ta ɗauko tire za ta nufi ɗakin baƙi. Na ce, "Ke. Kawo nan." Na shiga falo. Tebur dai ban hau ba, na zauna a ƙasa kan darduma, Hajiya na kan kujera, surukina na gefe. Aka buɗe kwano. Malmala uku manya, miya har tana sheƙi. Cikina kuwa a lokacin ko ruwa ba shi da wurin zama.

Na yi bisimilla na sa hannu. Tuwon ya yi, miyar ta yi, irin ta gida sak. Amma kowace loma sai na yi mata addu'a kafin ta wuce. Gumi ya jiƙa min hula. A malmala ta biyu na saki tazuge a ɓoye. Ana kallona kamar ana kallon mai haƙa rijiya.

Hajiya ta ce, "Ashe kana ci, Malam."

"Ina ci, Hajiya. Kunya ce irin ta mutanenmu. Ba laifin kowa a gidan nan."

"To ai da ka faɗa. Yarinya tana ta kuka a kicin, ni kuma ina ta tuhumarta." Ta juya wurinta. "Ki yi haƙuri, kin ji? Zo ki zauna ki ci ke ma."

Na share kwanon tas, har na bi gefe da yatsa. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. A hankali ta ce, "A ƙaro, Baba?"

Surukina ya yi tari, ya kau da kai.

Na ce, "Ƙaro."

Yadda na kwana ba sai na faɗa ba. Kanwa dai na jiƙa.

Da safe likita ya ce sai bayan damina za a yi aikin. Daga asibiti na ce wa surukina ina da saƙo a kasuwa, na hau keke ni kaɗai na nemi lungun masu buhuna. Na shirya maganata tun a hanya. Na tarar da tanda a kife, benci a jingine. Aka ce sai la'asar take fitowa, motar Kano kuwa ba ta jira. Na bar wa Iliya saƙo. Daga baya ya kira ni ya ce ya faɗa mata, ta ce ƙarya yake, kare masu kuɗi yake yi, ita da idonta ta ga yadda tsohon nan yake ci.

To kun ji Kaduna. Kada ban gan shi ba, ƙubba ban gan ta ba. Abin da na baro shi ne wata mata a bayan kasuwa da ta yarda har zuciyarta ɗiyata ba ta da albarka, kuma tana ba masu cin masa labarin. Ni sai bayan damina zan koma. Cikinku akwai masu zuwa sarin kaya kafin nan. Duk wanda ya riga ni, don Allah ya shiga lungun masu buhuna bayan la'asar, ya nemi mai masa da fate. Ya ce mata tsohon nan mai baƙin tabarau ne ya aiko. Ya ce ɗiyarsa ba ta taɓa barinsa da yunwa ba, shi ya bar kansa, kuma tuwonta ya fi masar daɗi.

In ta tambayi wace ce ɗiyar, ku ce mata Hindatu. Sunanta ke nan, na faɗa.